Wa Ke da Alhaki Idan Aka Ƙi Gurfanar da Masu Lalata da Yara? Tambayoyi da Amsoshi kan Dambarwar Birtaniya

Tun watan Janairun 2025, lokacin da attajiri Elon Musk ya yi ta caccakar gwamnatin Birtaniya a dandalinsa na X, maganar gungun mazan da suka shafe shekaru suna lalata da ƙananan 'yan mata a garuruwan Ingila ta dawo sabuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu bibiyar lamarin suka fi maimaitawa. Bayanin ya shafi Ingila da Wales ne, domin Scotland da Ireland ta Arewa kowacce da nata tsarin gabatar da ƙara.

Wane ne ke yanke shawarar kai mutum kotu a Ingila?

'Yan sanda ne ke bincike, amma a manyan laifuka irin su fyaɗe da lalata da yara ba su ke da ta cewa ta ƙarshe ba. Idan sun gama tattara abin da suka samu, sai su miƙa fayil ga hukumar gabatar da ƙara ta gwamnati, wadda aka fi sani da CPS. Lauyoyinta ne za su ce a tuhumi mutum ko a ƙyale shi. Dokar 1985 ce ta kafa hukumar, ta fara aiki a 1986, domin kada wanda ya kama mutum ya zama shi ne kuma mai cewa hujjarsa ta isa.

Shugaban hukumar shi ne Daraktan Gabatar da Ƙara, wato DPP. Ba zaɓensa ake yi ba, Antoni Janar ke naɗa shi. Ken Macdonald ya riƙe kujerar daga 2003 zuwa 2008, Keir Starmer (wanda daga baya ya shugabanci jam'iyyar Labour, ya zama Firaminista a 2024) daga 2008 zuwa 2013, Alison Saunders zuwa 2018, Max Hill zuwa 2023, sannan Stephen Parkinson. A riƙe waɗannan shekaru da kyau, domin rabin gardamar a kansu take. A kuma riƙe cewa CPS ba ta ganin fayil ɗin da 'yan sanda ba su kawo mata ba, kuma ƙorafe-ƙorafe masu yawan gaske tun a ofishin 'yan sanda suka mutu.

Da wane ma'auni lauyan gwamnati ke cewa a tuhumi wannan, a bar wancan?

Tambayoyi biyu yake yi wa kansa, bi da bi. Ta farko: hujjar da ke hannu ta kai a sa ran kotu za ta kama mutumin da laifi? Ta biyu: gurfanar da shi maslahar jama'a ce? A laifin lalata da yaro, tambaya ta biyu kusan kullum amsarta i ce. A ta farko ake tuntuɓe.

A manyan kotunan Ingila mutum 12 ne daga cikin jama'a ke zama su saurari shaida su ce an yi laifi ko ba a yi ba. Sai lauyoyi suka saba da yi wa waɗannan mutane hasashe: za su yarda da yarinyar nan kuwa? Tana shan giya, ta sha gudu daga gidan renon yara na hukuma, ta taɓa yi wa malamanta ƙarya, labarinta na yau ya ɗan saɓa da na jiya, kuma bayan abin ya faru ta sake komawa wurin mutumin da ƙafarta. Sai a rubuta cewa ba shaidar dogaro ba ce, a rufe fayil. Alhali waɗannan alamomin su ne ainihin abin da masu laifin ke dubawa kafin su zaɓi yarinya, wasu kuma su ne suka jefa ta a ciki, su suka koya mata giyar, su suka raba ta da gida. Ma'aunin da aka yi domin kare marar laifi sai ya koma garkuwar wanda ya iya zaɓen wadda ba za a gaskata ba. Amsar da ke kan Rochdale ta nuna yadda hakan ya kasance a zahiri.

Minista ko Firaminista zai iya ba da umarnin a gurfanar da wani, ko a janye ƙara?

A'a, kuma Turawan Ingila sun koyi wannan ne da tsada. A 1924 gwamnatin Labour ta farko, ƙarƙashin Ramsay MacDonald, ta sa baki aka janye tuhumar da ake yi wa J. R. Campbell, editan wata jaridar 'yan kwaminis. Majalisa ta tayar da jijiyar wuya, gwamnatin ta faɗi a shekarar. A 1951 Antoni Janar Hartley Shawcross ya bayyana wa majalisa ƙa'idar da ake bi har yau: Antoni Janar zai iya jin ra'ayin abokan aikinsa ministoci, amma hukuncin nasa ne shi kaɗai, kuma ba a yarda ribar jam'iyya ta shiga ciki ba.

A yau Antoni Janar ne ke sa ido a kan CPS, shi ke amsa tambayoyin majalisa a madadinta. Ba ya gaya wa DPP abin da zai yi da wani fayil, sai a lamarin tsaron ƙasa ko laifukan da doka ta ce sai da izininsa. Yana da wata dama guda da ta shafi wannan batu kai tsaye: idan yana ganin alƙali ya yi sassauci fiye da kima, zai iya kai hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara cikin kwana 28.

To idan ba sa taɓa fayil, da me za a kama 'yan siyasa?

Da abubuwa da dama, kuma sun fi fayil guda nauyi. Majalisa ce ke rubuta dokar da lauya zai yi tuhuma da ita. Har zuwa 2015 dokar Ingila tana ɗauke da lafazin "karuwancin yara", kamar yarinya 'yar shekara 13 sana'a ta zaɓa. Gwamnati ce ke ba da kuɗi. Bayan 2010 an zaftare wa CPS kusan rubu'in kasafinta, an rage 'yan sanda, kuma shari'o'in da ke jiran layi a manyan kotuna sun haura 70,000 a 2024. Wadda aka ce ta jira shekaru kafin ta shiga akwatin shaida sau da yawa takan gaji ta janye. Ministan cikin gida ne ke gaya wa rundunonin 'yan sanda laifukan da za su sa a gaba. Su kuma kansilolin ƙaramar hukuma, yaran da ke gidajen reno a hannunsu suke a matsayin iyaye a idon doka.

Akwai kuma tambayar da ta fi kowacce sauƙi: da aka zo aka gaya maka, me ka yi? Ann Cryer, 'yar majalisar Labour mai wakiltar Keighley, ta fara ɗaga murya tun farkon shekarun 2000 bayan wasu iyaye mata sun kawo mata kuka. Abin da ta samu shi ne zargin wariyar launin fata. A ganina nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin ɗan siyasar da ya ce "ni ba na sa baki a shari'a" gaskiya ya faɗa, amma ba ita aka tambaye shi ba.

Me ya faru a Rochdale da ake ta ambata?

A watan Agustan 2008 aka kama wata yarinya 'yar shekara 15 a Heywood, kusa da Rochdale, saboda ta farfasa kantar wani shagon sayar da abinci. A wurin 'yan sanda ta buɗe baki ta faɗi dalili: mazan da ke da alaƙa da shagon suna ba ta giya da abinci suna yi mata fyaɗe, suna kuma miƙa ta ga wasu. Ta ba da suturarta ta ciki, aka samu ƙwayoyin halittar ɗaya daga cikin mutanen a jiki. Duk da haka fayil ya yi wata da watanni kafin ya isa CPS, kuma a watan Yulin 2009 lauyan da ya duba ya ce kotu ba za ta gaskata ta ba. Aka saki mutanen, suka ci gaba da abin da suke yi.

A 2011 aka naɗa Nazir Afzal babban mai gabatar da ƙara na yankin arewa maso yammacin Ingila. Ya ɗauko fayil ɗin, ya soke hukuncin farko. A watan Mayun 2012 kotu a Liverpool ta samu maza tara da laifi, takwas 'yan asalin Pakistan, ɗaya ɗan Afghanistan, jagoransu ya samu ɗaurin shekara 19. Yarinyar ita ce dai, labarinta shi ne dai. Mai karanta fayil ɗin ne ya canza.

Gaskiya ne Keir Starmer ne ya hana a gurfanar da Jimmy Savile da mutanen Rochdale?

Hukunce-hukuncen biyu an yanke su a 2009, yana DPP. Wannan gaskiya ne. Amma lauyoyin yanki ne suka yanke su, a hukumar da ke duba dubban ɗaruruwan shari'o'i a shekara, kuma ba a samu hujjar cewa ɗayansu ya hau teburinsa ba. Savile shahararren mai gabatar da shirye-shirye ne a BBC wanda ya mutu a 2011. Sai a 2012 asirinsa ya tonu. Binciken da lauya Alison Levitt ta yi, wanda aka fitar a Janairun 2013, ya gano cewa 'yan sanda ba su gaya wa matan da suka kai ƙara cewa akwai wasu irinsu ba, kowacce tana zaton ita kaɗai ce za ta fuskanci babban mutum, kuma lauyan CPS bai matsa a ƙarfafa ƙarar ba. Starmer ya nemi afuwa a madadin hukumar. Masu suka suna cewa Levitt mashawarciyarsa ce a ofis, don haka binciken na cikin gida ne, kuma wannan ƙorafi ne da ya cancanci a saurara.

A ranar 31 ga Janairun 2022 Boris Johnson, yana Firaminista, ya jefi Starmer da zargin Savile a zauren majalisa. Cikin kwanaki kaɗan babbar mashawarciyarsa kan manufofi, Munira Mirza, ta ajiye aiki saboda ya ƙi neman afuwa, sannan wasu masu zanga-zanga suka yi wa Starmer ƙawanya kusa da majalisa sai da 'yan sanda suka sa shi a mota. Shi Johnson ɗin ne kuma a 2019 ya ce kuɗin da ake kashewa wajen binciken tsofaffin laifukan lalata da yara ɓarnar dukiya ce. Laifi tudu ne.

Abin da ya dace a ɗora wa Starmer shi ne abin da ake ɗora wa kowane shugaba: tunanin da ya kashe ƙarar Rochdale ya ci gaba da aiki a hukumarsa shekaru bayan ya hau kujera. Abin da ya dace a lissafa masa kuma yana cikin amsa ta gaba.

Me aka gyara bayan an gano kuskuren?

A 2013 CPS ta fitar da sabbin ƙa'idoji kan shari'ar lalata da yara. Jigonsu shi ne lauya ya auna ingancin zargin gaba ɗaya, ya kuma binciki wanda ake zargi, maimakon ya tsaya tonon aibun yaron. An jero zace-zacen da aka ce a daina dogaro da su: cewa wadda aka cutar da gaske za ta kai ƙara nan take, cewa ba za ta koma wurin mai cutar da ita ba, cewa labarinta zai fito a jere babu saɓani. A shekarar ce kuma aka ba wanda aka cutar haƙƙin neman a sake duba hukuncin ƙin gurfanarwa. Bayaninsa na can ƙasa.

A Rotherham fa, wa ya rasa kujerarsa?

Rahoton Farfesa Alexis Jay na Agustan 2014 ya ƙiyasta cewa aƙalla yara 1,400 aka yi lalata da su a garin tsakanin 1997 da 2013. A cikinsa akwai yaran da aka watsa wa fetur aka yi barazanar cinna musu wuta, da iyaye maza biyu da suka bi sawun 'ya'yansu har gidajen da ake riƙe da su, aka kira 'yan sanda, sai aka kama iyayen. Rahotanni uku, na 2002 da 2003 da 2006, sun riga sun yi gargaɗi, aka yi biris da su. A 2004 da 2005 an tara kansiloli da manyan ma'aikata an yi musu bayani dalla-dalla, don haka babu mai cewa bai sani ba. Ɗan jaridar The Times, Andrew Norfolk, shi ya yi ta bankaɗo lamarin har aka rasa yadda za a yi sai bincike.

Shugaban majalisar garin, Roger Stone, ya yi murabus ranar da rahoton ya fito. Shaun Wright, wanda ya riƙe sashen kula da yara daga 2005 zuwa 2010 kuma daga baya aka zaɓe shi kwamishinan sa ido kan 'yan sandan South Yorkshire, ya ce babu inda za shi. Firaminista David Cameron da shugaban Labour, jam'iyyar Wright ɗin, duk sun ce ya sauka, sai aka farga cewa babu wata doka da ta ba kowa ikon tsige shi a kan haka. Sai da aka yi mako uku ana ja kafin ya sauka a watan Satumba. A Fabrairun 2015, bayan rahoton Louise Casey, jami'ar da gwamnati ta tura ta binciki majalisar garin, ya ce majalisar ba ta cancanci riƙon gari ba, gwamnati ta ƙwace ikonta ta miƙa wa kwamishinonin da ta naɗa.

Majalisar Rotherham ta Labour ce. Ta gundumar Oxfordshire, inda aka ɗaure maza bakwai a 2013 kan irin wannan laifi, ta Conservative ce.

An taɓa ɗaure ko korar wani jami'i saboda sakaci?

Da ƙyar. Hukumar da ke binciken ɗa'ar 'yan sanda ta binciki jami'ai 47 kan Rotherham, ta fitar da rahoto a 2022, kuma babu ko ɗaya da aka kora. Wasu sun riga sun yi ritaya. Akwai laifin cin amanar muƙamin gwamnati a dokar Ingila, amma sai an tabbatar da ganganci mai tsanani, kuma sakacin da ya watsu a hannun mutum ɗari wuya ne a liƙa shi a wuyan mutum ɗaya. A 2015 Cameron ya yi alƙawarin ɗaurin da zai kai shekara biyar ga malami ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ko kansilan da ya kau da kai da gangan. An nemi ra'ayin jama'a a 2016, aka jingine maganar a 2018.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu tona asiri. Maggie Oliver ta ajiye aikin ɗan sanda a Greater Manchester saboda yadda aka bi da yaran Rochdale, kuma sai a 2020 wani bincike ya tabbatar da cewa an rufe wani babban binciken rundunar a 2005 alhali an san akwai yara cikin haɗari.

Idan wanda ake zargin shi kansa ɗan siyasa ne fa?

Cyril Smith ɗan majalisar Liberal ne mai wakiltar Rochdale. Tun 1970 'yan sanda suka kai fayil kan lalata da yara maza, ofishin DPP na lokacin ya ƙi gurfanarwa. Ya mutu a 2010 da lambar girmamawa, sai a 2012 CPS ta ce ya kamata a ce an tuhume shi. Tsohon shugaban jam'iyyarsa David Steel ya shaida wa babban kwamitin bincike na ƙasa kan lalata da yara cewa ya yi magana da Smith a 1979 ya kuma ɗauka zargin gaskiya ne, amma bai ɗauki mataki ba. A Fabrairun 2020 Steel ya fice daga jam'iyyar ya kuma bar Majalisar Dattawa.

Greville Janner na Labour ne. A Afrilun 2015 Alison Saunders ta ce akwai hujjar da ta isa a tuhume shi, amma ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa. Masu ƙara suka nemi a sake dubawa, wani lauya daga waje ya soke hukuncinta, sai dai Janner ya mutu a Disamba kafin a saurari shaidu, kuma iyalansa suna musanta zargin har yau. Binciken tsohon alƙali Richard Henriques ya ce an yi asarar damar gurfanar da shi sau uku, a 1991 da 2002 da 2007.

Matsin lambar siyasa ba zai iya sa a zalunci marar laifi ba?

Ya taɓa sawa. Bayan abin kunyar Savile, 'yan sanda suka koma ɗaya gefen. A 2014 wani mutum mai suna Carl Beech ya ce wasu manyan 'yan siyasa da hafsoshin soja sun yi lalata da shi yana yaro, har sun kashe wasu yara a gabansa. Tun kafin a tabbatar da komai, wani babban jami'in 'yan sandan Landan ya fito ya ce labarin gaskiya ne. Aka kai samame gidan tsohon babban hafsan tsaro Lord Bramall, da na tsohon ministan cikin gida Leon Brittan wanda bai daɗe da rasuwa ba, da na tsohon ɗan majalisa Harvey Proctor, wanda ya rasa aikinsa da matsuguninsa. An rufe binciken a 2016 ba a kama kowa ba. A 2019 aka ɗaure Beech shekara 18 saboda ƙarya da zamba da kuma laifukan hotunan batsa na yara. Tom Watson, wanda ya zama mataimakin shugaban Labour, ya sha suka saboda yadda ya matsa a bi irin waɗannan zarge-zarge.

Cutar Rochdale da ta wannan bincike iri ɗaya ce: an yanke hukunci kan mai magana kafin a binciki maganar. Wannan ne kuma ya sa ƙa'idar Shawcross da aka ambata a sama ba ta tsufa ba.

Maganar ƙabila da addini fa? Ba Musulmi ake so a shafa wa kashin kaji ba?

Akwai masu wannan niyya, kuma ba sa ɓoyewa. Amma niyyarsu ba ta goge abin da ya faru. Rahoton Jay ya ce yawancin masu laifin a Rotherham 'yan asalin Pakistan ne, kuma wasu ma'aikata sun ji tsoron faɗin haka kada a kira su masu wariya. Binciken Casey na Yunin 2025 ya gano cewa a kusan kashi biyu cikin uku na irin waɗannan laifuka ba a ma rubuta asalin wanda ake zargi ba, don haka alƙaluman ƙasa baki ɗaya ba sa tabbatar da iƙirarin kowane ɓangare. Amma bayanan rundunoni uku, Greater Manchester da West Yorkshire da South Yorkshire, sun nuna maza 'yan asalin Asiya sun fi yawa fiye da kasonsu a cikin jama'a.

Wani sashen rahoton Jay da ba a cika ambata ba ya ce an ci zarafin 'yan mata 'yan asalin Pakistan su ma, amma tsoron zubar da mutuncin gida ya rufe musu baki, kuma hukumomi sun riƙa magana da dattawa maza da limamai suna tsallake mata. Afzal da ya tayar da ƙarar Rochdale Musulmi ne ɗan asalin Pakistan. Kuma wannan salon laifi wani yanki ne na matsalar: yawancin yaran da ake lalata da su a gida ko hannun wanda suka sani abin ke faruwa, sannan Cocin Ingila ma ya rasa shugabansa Justin Welby a Nuwamban 2024 saboda yadda aka yi rufa-rufa kan wani mai cin zarafin yara.

An riga an yi babban bincike, me ya kawo wani kuma?

Theresa May, ministar cikin gida ta lokacin, ita ce ta kafa babban kwamitin bincike kan lalata da yara a 2014. Shugabanni uku suka ajiye kafin Jay ta karɓa a 2016, ta miƙa rahoton ƙarshe a Oktoban 2022 da shawarwari 20, ciki har da tilasta wa masu aiki da yara su kai rahoton duk lalatar da suka sani. Gwamnatin Conservative ta bar mulki a Yulin 2024 ba ta mayar da wannan doka ba. Da Labour ta hau, ministar kare yara Jess Phillips ta ƙi buƙatar majalisar Oldham ta gwamnatin tsakiya ta jagoranci bincike a garin, ta ce su yi nasu. Wasiƙar da ta rubuta ta ƙin amincewar ce Musk ya samu ya hura wuta.

A ranar 8 ga Janairun 2025 'yan Conservative suka nemi majalisa ta amince da sabon bincike na ƙasa, aka kayar da su da ƙuri'a 364 da 111. Hujjar Labour ita ce an liƙa buƙatar a jikin ƙudirin kare yara ta yadda amincewa da ita za ta kashe ƙudirin, kuma Jay da kanta ta ce aiwatarwa ake buƙata. Bayan wata biyar Casey ta ce a yi binciken, Starmer ya juya ya amince, aka kuma ce za a sake duba fayiloli fiye da 800 da aka rufe. Wanda ya shekara 14 a mulki bai yi ba, da wanda ya ce ba a buƙata sai da aka tilasta shi, kowanne yana da tambayar amsawa.

Kwamitin bincike zai iya ɗaure wani?

Ba zai iya ba. Dokar 2005 ta ba shi ikon tilasta wa shaidu su bayyana, su yi rantsuwa, su miƙa takardu, amma ta hana shi yanke hukuncin laifi. Abin da ya tono sai ya koma hannun 'yan sanda da CPS, su auna da ma'aunin da aka bayyana a sama. Shawarwarinsa ma ba dole ba ne gwamnati ta bi.

Wanda aka rufe ƙararsa yana da wata hanya?

Yana da. Tun Yunin 2013 zai iya neman wani lauyan CPS da bai taɓa fayil ɗin ba ya sake dubawa daga farko. Gara a nema da wuri, domin bayan wata uku sai da dalili mai ƙarfi. 'Yan sanda ma suna da irin wannan tsari ga ƙarar da ta tsaya a hannunsu. Akwai kuma kwamiti na musamman na manyan 'yan sanda da lauyoyi da ke sake duba tsofaffin ƙararrakin lalata da yara, wanda da farko ya tsaya ga waɗanda aka rufe kafin Yunin 2013, a 2025 aka faɗaɗa shi. In duk sun ƙi, ana iya roƙon babbar kotu ta duba ko hukuncin ya saɓa doka, ko da yake alƙalai ba su cika son shiga hurumin mai gabatar da ƙara ba. Ɗan majalisar mazaɓarka zai iya rubuta wasiƙa ko ya tayar da maganar a zaure, amma ba zai iya sa a tuhumi kowa ba.

Tsarin Najeriya da wannan iri ɗaya ne?

Tushe ɗaya ne, amma ƙofar siyasa ta fi faɗi a Najeriya. Sashe na 174 da na 211 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba Antoni Janar na tarayya da na jiha ikon shigar da ƙara, da karɓe wadda wani ya shigar, da janye ta kafin a yanke hukunci. Shi ne kuma ministan shari'a ko kwamishinan shari'a, yana zaune a majalisar zartarwa, kuma DPP ma'aikaci ne a ƙarƙashinsa. A shari'ar Ilori ta 1983 Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta da hurumin tuhumar yadda ya yi amfani da ikon janyewa. Don haka idan aka ce wa iyayen yaro "ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a", ofishin da ake jira ɗan siyasa ne ke shugabantarsa, kuma uzurin ministan Birtaniya na cewa hannunsa ba ya kaiwa ga fayil ba ya aiki a nan.

Me ya sa har yanzu ake maganar "amincewar" yarinya, tunda doka ta ce shekara 16?

Domin dokar laifukan jima'i ta 2003, kamar yadda take a 2025, ta raba yara gida biyu. Wanda bai kai 13 ba, babu batun amincewa: saduwa da shi fyaɗe ne, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Daga 13 zuwa 15 kuwa, saduwar laifi ce ko ta yaya, amma kafin a kira ta fyaɗe sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da rashin amincewa; in ba haka ba sai ya koma ƙaramar tuhuma mai iyakar shekara 14, wadda a cikinta ma wanda ake zargi zai iya cewa ya yi zaton ta kai 16. Yarinyar da aka hure wa kunne har take kiran mutumin saurayinta, ta wannan kafar ƙararta ke zurarewa. Casey ta ba da shawarar a toshe ta, duk baligin da ya sadu da wanda bai kai 16 ba a tuhume shi da fyaɗe, kuma gwamnati ta ce ta karɓa.

Ga laifukan da aka aikata kafin Mayun 2004 akwai wani tarnaƙin. Tsohuwar dokar 1956 ce ke aiki a kansu, kuma ta ce tuhumar saduwa da yarinya 'yar 13 zuwa 15 sai an shigar da ita cikin wata 12 da aikata laifin. Matan Rotherham da aka cutar a ƙarshen shekarun 1990, waɗanda sai da suka girma aka saurare su, wannan tuhuma ta riga ta kuɓuce musu. Sai dai lauya ya tabbatar da fyaɗe ko wani laifin da ba shi da wa'adi, da shaidar abin da ya faru fiye da shekara 20 da suka wuce.